Hon Biyu a Ƙofar Baba Hollis

Verlene Pouncy da tsintsiya ta fara aiki a garejin bas na Galveston, wani gari da ke kan tsibiri. A lokacin motocin duka ba su cika rumfa ɗaya ba, rabinsu kuma sai an tura suke tashi. Ita ke kwashe yashin bakin teku da ɓawon gyaɗa daga ƙarƙashin kujeru. Wanda ya raba ta da shara shi ne Hollis Guidry, wani dogon direba mai baƙar magana. Wata safiya ya tarar da ita tana jan motarsa da baya don ta sami wurin wanki.

"Ke yarinya, wa ya ba ki izini?"

"Ba kowa. Kai ne ka ajiye ta a karkace."

"To gobe ki zo da takalmin kirki. Ba a taka birki da silifa."

Haka ya koya mata tuƙi, da faɗa. Bai taɓa yaba mata ba. In ta yi daidai, sai ya juya ya kalli taga.

A kan idonta garin ya miƙe yamma. Otal-otal suka jeru a bakin katangar da ke tare teku, layukan bas suka ƙaru, aka kawo sababbin motoci masu sanyi da matakala mai saukowa don keken guragu. Da can ko'ina ka ɗaga hannu a tsaya maka, yanzu sai inda aka kafa allon tasha. Layin da ke ratsa unguwar Hollis, can bayan tsibiri inda ƙasa ta fi kwari, aka soke shi aka mayar babban titi.

Abu ɗaya ne ofis bai kafa ba, bai kuma iya hanawa ba. Direban da ya yi ritaya ba ya tsayuwa a tasha. Duk direban da ya biyo kusa da gidansa zai karkata ya danna hon sau biyu. In ya fito a ɗauke shi, in bai fito ba a wuce. Da Hollis ya ajiye aiki, matarsa ta rasu, idonsa ya soma dushewa, Verlene ce ta riƙe masa wannan.

Sai shekarar da hukuma ta ce kowa ya bar tsibirin, babbar guguwa na tafe. Marasa mota za su taru a zauren unguwa, bas-bas su tsallakar da su gada. Ana gobe za a kwashe mutane ta tsaya a ƙofarsa.

"Baba, gobe a zaure ake haɗuwa. Kar ka jira ni a nan."

"Ni in je in bi layi da jaka kamar baƙo? Ina jan mota a garin nan kina tsotson yatsa."

"Wallahi ba wasa nake ba."

"Ni ɗin wasa nake? Kin san ƙofata."

Gari ya waye da rana tas, ko ɗigon ruwa babu daga sama. Amma teku na dukan katanga har ƙasa na amsawa, kuma ruwa ya soma ɓulɓulowa ta ramukan kwata, shiru, yana malala kan kwalta. Tsuntsayen bakin teku duk sun ɓace.

Motar Verlene ce ta ƙarshe. Aka cika ta da tsofaffi, da wata mata mai tukunyar iskar numfashi, da kyanwoyi a kwanduna. Ta bi fuskokin ta madubi ɗaya bayan ɗaya. Babu Hollis.

Muryar Renaldo, mai ba motoci umarni daga ofis, ta fito ta oba-oba. "Anti Verlene, kai tsaye gada. Iska na tashi, 'yan sanda na shirin rufewa. Don Allah kar ki yi mini irin naku na tsofaffi."

"Na ji ka, ɗan ofis."

Ta karya kan mota hagu.

"Baiwar Allah, ai nan ba hanyar gada ba ce!" in ji mai tukunyar iska.

"Riƙe ƙarfe, Mama."

A bakin lungun Hollis ruwa ya riga ya shanye dakalin titi. Can ciki wata ƙaramar mota na tsaye, ruwa har fitilunta, wata tukunyar shara na wucewa ta gefenta da gudu. Gidansa ne na ƙarshe. Ga shi zaune a baranda da tsohuwar hularsa ta aiki, jaka a gabansa. Ta danna hon sau biyu.

Ya miƙe, ya sauko matakala yana lalube da sanda. Ruwa ya kama shi a gwiwa, ya fizge sandar ya tafi da ita. Ya riƙe ƙarfen matakala ya tsaya.

Verlene ta saki birki, motar ta shiga ruwan a hankali. Ruwan ya mari matakalar ƙofa, ya kutso ta ƙasa. Injin ya yi tari. Hollis ba ya gani sosai, amma kunnensa ƙalau yake. Ya ɗaga hannu ya kaɗa shi, alamar da direba ke yi wa na bayansa cewa ya wuce.

Ta zuge taga. "Baba, tsaya nan, ina zuwa!"

"Ki zo ina? Ba ki ji injin ba? In ya sha ruwa, wa zai fitar da mutanen nan? Wane jaki ne ya koya miki tuƙi?"

"Kai ne!"

"To ja da baya!"

Ta kai hannu kan maɓallin ƙofa, da niyyar ta sauka da ƙafa. Ta dubi nisan lungun, ta dubi ƙarfin ruwan. In ya kayar da ita, duk motar babu mai iya juya sitiyari. A bayanta wata kyanwa na kuka.

Ta sa giyar baya.

A babban titi ta ɗauki oba-oba ta ce a tura kwalekwale lungun Hollis Guidry. Renaldo ya ce an janye masu ceto sai iska ta faɗi. A kan gada iskar ta riƙa tura motar gefe, Verlene ta danne sitiyari da ƙirjinta. Tana sauka 'yan sanda suka ja shinge a bayanta.

Da aka bar mutane suka koma, matakalar siminti kaɗai aka tarar a inda gidan yake. Ba a sami Hollis ba.

Ranar da gareji ya buɗe, Verlene ta bi gidajen tsofaffin direbobi da ƙafarta, ta gaya wa kowa a fuskarsa cewa daga yau ba mai ƙara danna masa hon, wanda ke son mota ya fito tasha kamar kowa. Wasu suka zage ta, ɗaya ya rufe ƙofa a kan fuskarta. Ba ta janye ba, ƙananan direbobi kuma suka bi ta. Har ta ajiye aiki akwai waɗanda ba su sake gaishe ta ba.