Kawu Sarwar da Firijin Amare

Kawuna Ghulam Sarwar ya shekara ashirin da takwas yana jan wayar lantarki a gidajen garin Sargodha ba lasisi. Da 'yan kwangila suka fara neman takarda, sai ya sayi littafin jarrabawar lasisi ya zo wurina, tunda lissafi nake koyarwa.

Na karanta masa tambayar farko: gida mai fanka huɗu, ƙwan fitila goma, firiji ɗaya da injin jan ruwa. Wuta nawa zai ja, kuma wace waya za ta ɗauka?

Ya ce, "'Ya'yan mai gidan maza nawa ne?"

"Kawu, ba a faɗa ba."

"To tambayar ba ta cika ba, 'yata. Kowane ɗa gidan ubansa zai kawo amarya, kowace amarya kuma da firiji da injin wanki da dutsen guga iyayenta za su rako ta."

Wata biyu ina fama da shi har lissafin ya zauna masa daram. Ranar jarrabawa irin tambayar nan ta fito, ya fitar da amsa daidai, ya dube ta, zuciyarsa ta ƙi. Ya ƙara wa gidan amare biyu, ya rubuta waya mai kauri. Maki uku suka kayar da shi.

Bana zai sake zama, kuma ya yi mini alkawarin rubuta abin da littafi ya ce.

"Amma ki sani," in ji shi, "gidan nan nasu ranar walima zai kama da wuta."