Inabin Mijin Yayata

Mijin yayata ya yi ritaya daga wata ma'aikata a Abuja yana mataimakin darakta, amma da ya dawo garin Gidan Waya da zama sai ya yar da mataimakin a hanya. Darakta kowa ke kiransa, har matarsa. Ni ma haka nake kiransa, don ban ga ribar gardama ba.

Yana gama fentin gida ya shiga maganar rumfa. Ba irin tamu ta gora da zana ba. Ya ɗauko mai walda daga Kafanchan, aka kafa bututun ƙarfe shida a tsakar gida, aka ja wayoyi a sama kamar igiyar shanya, aka shafa farin fenti. Sannan ya sa aka malale ƙasan da siminti kaf, aka bar ɗan rami a gindin kowane ƙarfe, wanda ko faranti ba zai zauna a ciki ba. A ramukan nan ya dasa inabi shida da wani ya kawo masa daga wajen Zariya. Ya ce ya ga irin wannan rumfar a wani otal lokacin da aka tura su kwas ƙasar waje. Kwas ɗin bai cika mako biyu ba, amma mun fi shekara goma muna shan labarinsa.

Ni malamar aikin gona ce a wata sakandare a Kafanchan. Ban taɓa noma inabi ba a lokacin, amma na san abin da saiwa ke so, na kuma san ruwan da ake zubawa a yankinmu ba irin na Zariya ba ne. Ranar da na fara ganin rumfar na ce masa, "Darakta, simintin nan zai shaƙe su. Kuma inabi sai an datse masa rassa bayan damina kafin ya yi 'ya'ya. Idan ya yi fure cikin ruwa, ruɓewa zai yi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malama, ku da allo da alli kuka saba. Wannan ba citta ba ce. Na yi bincike."

Binciken nasa a waya ne. Yakan zauna a kujerar roba yana kallon wani Bature yana yawo a gonarsa, a ƙasar da ƙanƙara ke sauka. Yayata ta taɓa ni da gwiwar hannu, na bar maganar.

Shekara biyu inabin nan bai ba da komai ba sai ganye. Ganye kam ya yi, ya rufe wayoyin, ya zubo ta gefe. Duk wanda ya zo gidan sai an ɗauke shi hoto a ƙarƙashi. Idan yayata ta tsinke ko reshe ɗaya da ya tare mata hanyar kicin, sai ya wuni yana mita. A shekara ta uku ɗan fure ya fito a tsakiyar Agusta, ruwa ya dake shi, fumfuna ta bi ganyen fari fat, 'ya'yan da suka ƙulla suka yi baƙi suka zube tun suna kamar ƙwayar dawa. Darakta ya ce takin shanun da ya saya a rugar Fulani ne ba shi da kyau. Da aka ce masa da takin nan kowa ke noma a garin, sai ya ce idon maƙwabta ne. Bai taɓa zargin simintinsa ba.

Da ya tsaya nan da ban rubuta wannan ba. Amma tun farkon shekara ya riga ya miƙe a majami'a ya yi alkawarin cewa ranar godiyar kaka, lokacin da wasu ke kawo doya da buhun masara, shi nunan farin inabinsa zai kawo gaban Ubangiji. Ya kuma gayyaci dattawan majami'a cin abinci a ƙarƙashin rumfa bayan sujada.

Ranar Asabar, ana gobe godiyar kakar, yayata ta kira ni in zo in taya ta girki. Na hau mashin da sassafe ranar Lahadi, na isa kafin ƙarfe bakwai. Ina tura ƙofa na same shi a kan tsani, da singileti da wandon barci, da zare a baki. A kan tebur ga kwali buɗe cike da inabi, irin na manyan kantunan Abuja, har da 'yan ledojinsu masu huji. Yana ɗaukar nonon inabi ɗaya, ya ɗaura shi a reshe da koren zare, ya ja ganye ya rufe ƙullin. Mutum mai jikoki uku.

Na gaishe shi. Ya amsa bai juyo ba. Can ya ce, "Ado ne kawai. Don a ga yadda zai kasance."

Na shiga kicin na tarar da yayata tana yanka albasa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kada ki ce komai, don Allah. Zaren keken ɗinkina ma ya ɗauka."

Ko ƙaryar bai iya ba. Ya sayo ja da kore, ya rataya su a itace ɗaya. Kuma a firji suka kwana, saboda haka da rana ta fara zafi sai suka riƙa gumi suna ɗiga a kan tebur.

Bayan sujada dattawa suka zo, su takwas, da fasto da matarsa. Na tsaya da tire a hannu ina kallon fuskokinsu. Waɗannan mutane ne da suka tsufa da fartanya. Babu wanda bai gane ba. Amma sai na ji ɗaya yana cewa lallai ilimi daban ne, wani ya ce ashe ƙasarmu za ta yi. Fasto ya sa albarka ga aikin hannuwan Darakta, idonsa a rufe, ina jin ya gode wa Allah da addu'a ake yi ido rufe. Darakta ya ɗauko almakashi yana tsinkowa yana miƙa wa kowa, yana bayanin cewa auren itace ya yi wa ja da koren. Raina ya ɓaci da su duka, har da ni kaina da nake zuba musu zoɓo ina murmushi.

A cikinsu akwai wani tsoho, manomin citta daga wajen Kwoi, wanda ya dawo wurin ɗansa da zama. Ya ci nasa a hankali, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama sai ya warware zaren daga karan, ya naɗe shi a yatsa, ya kira yayata.

"'Yata, zo. Ga zarenki. Yana da kyau, kada ya ɓata."

Ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna, ta ce, "Na gode, Baba." Matar fasto ta soma tari. Darakta ya tambaya ko a ƙaro shinkafa. Yayata ta koma kicin ta zauna a kan turmi, ba ta yi kuka ba, amma ba ta sake fitowa ba har suka watse. Shekara talatin da wani abu tana rufa masa asiri, ban taɓa ganin ta gaji ba sai ranar.

Bayan kwana tara ya tafi Kaduna tantance 'yan fansho. Tun motarsa ba ta kai babban titi ba ta kira ni. "Ki zo da almakashinki na makaranta. Ki aro diga."

Kwana biyu muka yi. Muka fasa simintin a gindin kowane ƙarfe, faɗin taku ɗaya, muka sassauta ƙasar, muka zuba takin nan dai da ya zaga. Na hau tsanin na datse rassan, na bar wa kowane itace hannuwa huɗu a kan waya, wato manyan rassa, kowane hannu da 'yan idanunsa inda sabon toho zai fito. Muka tsige ganyen duka muka ƙona saboda fumfuna. A littafi kawai na san abin. Da muka gama rumfar ta zama kamar kazar da aka fige.

Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu. Ya ce an kashe masa dukiya, ya ce hassada ce, ya ce kada in sake taka masa gida. Yayata ta ce, "Ni na sa ta. Idan korar ce, da ni za ka fara." Bai saba jin irin wannan daga bakinta ba. Ya shige ɗaki.

Ita ta riƙa ban ruwa duk ranin nan, bokiti biyu kowane gindi. Cikin mako uku idanun suka tsiro. Fure ya fito babu ruwan sama da zai dame shi. Da 'ya'yan suka fara launi tsuntsaye suka gano su, ta yanka tsohon gidan sauro ta lulluɓe su. A watan Maris ta aiko mini da kwano ɗaya a hannun mai mashin. Ƙanana ne, baƙi-baƙi, da ƙwallo a ciki, da ɗan tsami a ƙarshen harshe. Na zauna a ofishin malamai na cinye ni kaɗai.

Darakta bai ba ni haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Hotuna ya ɗauka ya tura wa tsofaffin abokan aikinsa, ya rubuta cewa haƙuri da bincike sun biya. Yanzu duk baƙon da ya zo sai ya sha lacca a kan datse rassa, rabinta ba daidai ba. Ni kuwa kowace Nuwamba, lokacin datse rassa, sai ya kira ni a waya ya ce yayata tana nemana, sannan ya tsiri tafiya a ranar.

Bara ne kawai bai tafi ba. Wasu malamai daga kwalejin ilimi suka zo ganin rumfar, ya ga ba zai iya tsayawa yana kallon mace a kan tsani ba. Ya karɓi almakashin daga hannuna, ya nufi itacen da ke kusa da rijiya, wanda ya fi duka ƙarfi, ya kama uwar itacen ya guntule ta daga ƙasa. Ba ta sake tsirowa ba. Yanzu kusurwar nan tamfol ya ɗaura mata saboda rana, kuma idan aka tambaye shi sai ya ce wancan dama namiji ne, ba ya haihuwa.