Malam Haliru da Sunan da Na Laƙaba wa Isiya

Shekara bakwai ke nan da muka rufe Malam Haliru a maƙabartar Jabo, cikin wata damina da gero ya fara fitar da kai. Ba a buga labarin rasuwarsa a wata jarida ba, kuma ba na jin an san shi a wajen Tambuwal da Kebbe, in ban da ɗaliban da suka ratsa ajinsa. Malamin Turanci ne a sakandaren da ni ma nake koyar da lissafi a Kebbe. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma da yamma shi ke horar da samarin garin ƙwallon ƙafa ba tare da wani ya ɗora masa ba. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa. Abin da ya hana ni shi ne, labarin da ya fi nuna ko wane ne shi, ni ne mai laifi a ciki.

Kowace Asabar bayan azahar mukan tafi tare gidan kallon ƙwallo da ke bayan tasha, wata rumfar kwano mai bencina da inji yana ruri a waje. Yawancin masu kallo ba sa bin Turancin masu sharhi, don haka in Baturen ya ɗaga murya sai a juyo ga Malam a ce ya fassara. Da farko yana yi ne don raha. A hankali sai na lura fassarar ta fara damunsa. Wata rana wani ɗan wasan tsakiya baƙar fata ya karɓi ƙwallo, ya dakata kaɗan har ɗan bayan abokan karawa ya matso, sannan ya saka ta ta wata 'yar kafa da mu kanmu ba mu gani ba. Malam ya dafa gwiwata.

"Bello, ka ji mi yac ce? Wai wanga dodo na, ƙarfinai ya yi yawa. Ina ƙarfi cikin abin da munka gani yanzu?"

Daga nan ya shiga saurare da gangan. Ya nuna mini cewa in farin ɗan wasa ya yi irin wannan, sai a ce yana karanta wasa, yana da hangen nesa, shi ne madugun fili. In baƙi ya yi, sai a koma kan gudu da ƙirji da tsawon ƙafa, a ce baiwa ce aka haife shi da ita, kamar bai taɓa zama ya koyi komai ba. In kuwa ya yi kuskure, ba a cewa yau ba ranarsa ba ce, sai a ce da ma ba shi da natsuwa. Bai taɓa cewa duk masu sharhin mugaye ne ba. Cewa yake yawancinsu sun ɗauka yabo suke yi, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro.

Ba zan ɓoye ba, ya gundiri mutane. Akwai ranar da wani mahauci ya ce masa, "Malam, don Allah ƙwallo munka zo kallo, ba aji ba." Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya kama bakinsa na minti goma ya sake farawa. Ni kaina ina gyaɗa masa kai ne saboda girmamawa. A raina ina ganin matsalar Turawa ce can a ƙasarsu, mu da duk baƙaƙe ne me ya shafe mu?

Amsar ta zo mini a filin Tambuwal. Bayan an kai amfanin gona gida, aka shirya wasan ƙarshe na wata gasar matasa tsakanin samarin Kebbe da na Tambuwal, kuma aka ce wasu mutum biyu za su zo daga Sakkwato su zaɓi waɗanda za a gwada a wata babbar ƙungiya. Ni ɗan Tambuwal ne kuma an san ni da zaƙin baki, sai aka miƙa mini lasifika in yi sharhi. Na ji daɗi ƙwarai.

A cikin samarin Malam akwai Isiya, ɗan shekara ashirin daga Fakku, manomi ɗan manomi, baƙi wuluk mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya cika magana. A tsakiya yake wasa. A ɓangaren Tambuwal kuwa akwai Nura, ɗan wani akawun ƙaramar hukuma, siriri mai hasken fata, wanda ya gama sakandare. Tun kafin a yi minti biyar na raɗa musu suna. Isiya ya zama Ingarman Fakku, Nura ya zama Farfesa. Duk lokacin da Isiya ya taɓa ƙwallo sai in ce a kauce ga ingarma nan, fili ya ɗauki sowa. Kebbe ta ci biyu da ɗaya, kuma duka biyun daga ƙafar Isiya aka ba masu zurawa. Na sauko daga kan tebur ina jin na burge.

Na iske Malam a gindin darbejiya tare da babban cikin masu zaɓen, wani dattijo da kowa ke kira Alhaji. Ina isowa na ji Alhajin yana cewa, "Farfesan nan za mu tafi da shi. Ingarmanku kuwa ƙarfi gare shi, Allah ya sa albarka, amma masu ƙarfi muna da su da yawa. Mai kai muke nema a tsakiya."

Kalmomina ne a bakinsa, ko canza su bai yi ba. Malam bai dube ni ba. Ya tsuguna, ya ɗauki wani kara, ya zana fili a ƙasa, ya jera tsakuwoyi a matsayin 'yan wasa. Ya nuna wa Alhaji inda Isiya yake tsaye kafin ƙwallo ta biyu da inda ya aika ta. Sannan ya ce, "Yallaɓai, kada ka ɗauki maganata, ni malaminai na. A kira shi, ka tambaye shi dalilin da ya sa ya aika ta hagu alhali dama ta fi sarari."

Aka kira Isiya. Ya zo yana share gumi, ya durƙusa ya gaida Alhaji, kansa a sunkuye. Alhaji ya yi masa tambayar. Can ya ce, tun kafin hutun rabin lokaci ya lura ɗan bayan da ke wancan gefen ba ya son juyawa ta kafaɗarsa ta hagu, sai ya zagayo. Ya kuma lura rana ta sauko tana dukan idon mai tsaron gida in ƙwallo ta fito daga can. Ya ce ya bar wajen da gangan bai kai hari ba har sai da aka dawo, don kada su gane su canza mutum.

Alhaji ya daɗe yana kallon tsakuwoyin nan. Ya tambaye shi wa ya koya masa wannan. Isiya ya ce Malam ya koya masa wasu, wasu kuma in yana noma yakan riƙa maimaita wasan jiya a kansa. Alhaji ya ce ya haɗa kayansa ya zo ranar Litinin.

Sai washegari a ofishin malamai Malam ya yi mini magana, bayan kowa ya tafi aji. Bai ɗaga murya ba. Tambayata ya yi wa ya fi kowa gudu a filin jiya. Na yi tunani, na ga Nura ne. Sau uku ya tsere wa 'yan bayan Kebbe, kuma ko sau ɗaya ban ambaci gudunsa ba.

"Ka gani? Dukansu biyu ka zalunta," in ji shi. "Ba wasa kaka kallo ba jiya, Bello. Fata da tufafi da garin da mutum ya fito, su kaka kallo. Baturen da muka zargi ko Fakku bai sani ba. Kai ka san ta."

Na yi ƙoƙarin kare kaina, na ce ai Isiya ya ji daɗin sunan, na ga yana murmushi. Gaskiya ce kuma, har yau wasu na kiransa da shi bai hana ba. Malam ya ce tabbas zai ji daɗi, wa ba ya son a yi masa kirari a gaban jama'a? Amma kirarin nan saura kaɗan ya mayar da shi gona ba tare da an ko gwada shi ba. Sai ya ƙara da abin da ban zata ba. Ya ce shi ma shekarar farko cikin 'yan baya ya ajiye Isiya saboda girman jikinsa, sai da ɗan tsakiyarsu ya ji ciwo dole ta sa ya matsar da shi gaba, sannan ya ga abin da ya yi wata goma yana kallo bai gani ba. Wannan furucin ne ya sa ban riƙe shi a zuciya ba.

Isiya ya yi kaka uku a tsakiyar ƙungiyar nan kafin ciwon gwiwa ya mayar da shi Fakku. Bai zama tauraro ba, bai tsallaka teku ba. Yana noma, yana da iyali, kuma samarin ƙauyukan da ke kewaye wajensa suke zuwa koyon wasa. Ranar jana'izar Malam, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Da Malam yana raye yau, ina jin abubuwa biyu za su ja shi. Zai ji daɗin cewa 'yan wasa baƙaƙe a Turai sun fara buɗe baki suna faɗin abin da yake faɗa a rumfar kwano ana ce masa ya yi shiru, kuma wasu masu sharhin sun fara auna kalmominsu. Amma zai tambaya, kamar yadda ya saba, me ya sa fili ya cika da baƙaƙe alhali kujerar mai horarwa ba kasafai ake ba su ba. Ya taɓa ce mini wanda aka shekara goma sha biyar ana yabon ƙafarsa kaɗai, ranar da ya ajiye takalmi ba wanda zai tuna yana da kai. Sannan ga waya a hannun kowa. Yanzu muna da masu sharhi da Hausa, yaranmu ne, suna da kaifin baki, ina jin daɗinsu. Sai dai sau da yawa nakan ji sun kwaso kalmomin nan sun juye su cikin harshenmu, wannan bijimi ne, wancan injiniya ne, kuma in ka duba hotunan ka san wanne ne wanne kafin a faɗa. Ina ganin da Malam ya sa wani ya buɗe masa shafi, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da dogon rubutu, suna ce masa tsoho ya cika mita.

Bai bar dukiya ba, ba a sa wa wani fili sunansa ba. In na auna abin da ya rage nasa a wurina, ba ma a ƙwallo na same shi ba. Bayan rasuwarsa an ba ni aikin kwashe tsofaffin takardun sakamakon ɗalibai daga wani kabad da gara ta fara ci. Na zauna ina karanta bayanan da na rubuta da hannuna shekara da shekaru. 'Ya'yan ma'aikata na ce musu masu hazaƙa, masu saurin fahimta. 'Ya'yan manoma da makiyaya, har waɗanda suka fi su maki, na ce musu masu ƙoƙari, masu juriya, masu biyayya. Ban taɓa nufin kowa da sharri ba. Na daɗe zaune a ɗakin nan takardun na kan cinyata.

Zangon da ya wuce, wadda ta zo ta ɗaya a lissafi a ajina 'yar wani makiyayi ce, Hassi, mai warware tambaya ta hanyar da ban koyar ba. Na rubuta mata cewa tana da kaifin tunani, kuma tana ganin abin da malaminta bai gani ba. Ranar karɓar sakamako mahaifinta ya zo da sandarsa a kafaɗa. Ba ya karatun boko, sai ya miƙo mini takardar ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya dubi 'yarsa, ya dube ni, ya ce, "Malam, sake karanta min wurin nan."

Allah ya haskaka kabarin Malam Haliru, ya yafe masa kurakuransa, ya albarkaci bayansa.