Kawu Sule da Ƙafar Hagu

Duk wanda ya san Kawu Sule ya san ba fuska yake fara kallo ba in ana gaisawa, ƙwauri yake kallo. Ka miƙa masa hannu a ƙofar masallaci, sai ya sunkuya ya matsa maka sha-raɓa kamar mai zaɓen mangwaro. "Da laushi, alhamdulillahi. Ya iyali?"

Kuma fa ba likita ba ne. Aikinsa a asibiti coding ne: duk abin da likita ya yi wa majinyaci, shi zai nemo lambarsa ya shigar a kwamfuta. Cikin dubban lambobin nan, guda ɗaya ce ta shiga ransa, ta auna matsin tsoka. Wani lokaci bayan karaya tsoka kan kumbura a cikin jakarta har jini ya kasa wucewa, sai a soka allura mai na'ura a auna. In matsin ya hau, a tsaga da gaggawa, in ba haka ba ƙafa ta mutu. Goggo Hadiza, matarsa, ta ce ta ji wannan bayanin fiye da yadda ta ji "sannu da aiki".

Wata rana wani likita ya rubuta cewa ya auna ƙafa, bai ce dama ko hagu ba. Abokan aiki suka ce, "Malam Sule, ka tura email mana." Ya ce email ba ya kallon mutum ido da ido. Ya hau bene har ɗakin majinyata, ya ɗaga labule, ya tarar da likitan riƙe da allurar nan ana cikin sake soka wa majinyacin. Shekara da shekaru yana ba ta lamba, bai taɓa ganinta ba. Sai ga Kawu a ƙasa, sumamme. Da ya farfaɗo, nas na yi masa fifita, abin da ya fara faɗa shi ne, "Hagu ce, na gani. Amma dai ya rubuta."

Mun daɗe muna tsokanarsa da wannan, har ranar da na karye a wajen ƙwallo a unguwarmu ta Croydon. Aka ɗaure ƙafar, aka sallame ni, aka ce in ciwo ya ƙaru in dawo. Ciwo ya ƙaru, ni kuwa na ce ai namiji ne ni, na haɗiyi magani na kwanta a ɗakina. Kawu ya zo dubiya da lemo. Ya ɗan lanƙwasa mini babban yatsa, na ƙwalla ƙara.

"Tashi, Nura."

"Kawu, bari gobe. Ba zan je in wuni a layi ba."

"Gobe da ƙafa nawa za ka je? Na riga na yi booking ɗin mota."

A asibiti ba su ɓata lokaci ba. Da aka fito da allurar, Kawu ya juya ya fuskanci bango, ya riƙe hannuna ta baya. Daga can yake magana: "Likita, don Allah ka rubuta hagu." Likitan ya ce, "Baba, zan rubuta. Kai dai kada ka juyo, gado ɗaya muke da shi." Ranar aka tsaga ƙafar. Ga tabon nan, dogo, amma ƙafar tawa ce.

Da fayil ɗina ya iso ofishinsu, Kawu ya ƙi taɓawa, wai ni ɗan ƙanwarsa ne, bai halatta ba. Ya miƙa wa abokiyar aikinsa, sannan ya tsaya a bayan kujerarta yana gyaran murya har ta kore shi ya je ya sha shayi.

Da Allah Ya yi wa Kawu rasuwa, ranar jana'izarsa ni na riƙe gaban makara, na taka har bakin kabari ban ɗingisa ba. A nan dariyar ta ƙare mini. Allah Ya jiƙan Kawu Sule, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba Goggo haƙurin shirun da ya bari a gidan.