Ƙanwata da Ba Ta Taɓa Shanye Magani Ba

Ranar Laraba, tara ga watan Safar, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran ƙanwata, wadda duk layinmu ke kira Goggo. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma. Goggo, na riga ki zuwa duniya, ga shi kin riga ni fita. Dama tun muna yara ba kya jira na.

Ban taɓa ganin hannu mai saki irin naki ba. Tukunyarki ba ta kwana da saura, zanenki mai kyau kullum yana jikin wata. Har magani ba ki iya sha ke kaɗai ba. In fitsari ya fara miki zafi aka rubuta miki kafso na mako guda, da kin ji sauƙi sai ki juye sauran a gwangwanin madara bisa taga. Matar tela ta zo da ciwon mara, ki ba ta biyu. Mai wanki yana tari, shi ma biyu.

Na taɓa ce miki, "Goggo, likita fa cewa ya yi ki shanye."

Kika ce, "Yaya, in shanye in bar maƙwabta da me? Kai dai rowarka har a ciwo."

Bana zafin ya dawo, ya ƙi tafiya, ya hau ƙoda da zazzaɓi. Aka kwantar da ke a asibiti, aka gwada fitsarin. Likitar, sa'ar 'yarki, ta zaunar da ni ta ce ƙwayar cutar daga hanji take, kowa na da irinta, amma taki ta daɗe tana ɗanɗana magani rabi-rabi har ta daina jin tsoronsa. Ta riƙa kiran sunayen magunguna tana girgiza kai. Na ƙarshe ta jijiya aka ɗaura miki, shi ma bai yi komai ba.

Kina rawar sanyi cikin bargo, kika ji matar gadon kusa tana nishi. Kika kama hannun nas, kika nuna robar da ke ɗiga a jijiyarki, kika ce, "'Yata, rage mata nawa."

Nas ta kau da kai ta ce, "To, Mama." Ban ƙara jin muryarki ba.

Allah ya jiƙan ki, Goggo, ya yalwata kabarinki, ya sa jinyar ta zama kankarar zunubi. Ina yi wa mijinki, 'ya'yanki da jikokinki ta'aziyya. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya kyautata namu ƙarshen.