Ranar da Inna Ta Amsa Ɗan Farinta

Yayana ya yi shekaru yana mutuwa a finafinan Amurka kafin ya samu aikin da aka bar shi da rai har ƙarshe. Fitowarsa ta farko da muka gani, gawa ce a kan gadon asibiti. Ranar na tara maƙwabta a gidana na Nasarawa, nan Birnin Kebbi, har da soya masa don baƙi. Muka zauna kusan awa guda muna zuba ido. Da ya bayyana, ban gama cewa "ga shi nan" ba aka ja mayafi aka rufe fuskar. Wata maƙwabciyata ta ce, "To, Allah shi jiƙan musulmi," ta ɗauki masarta ta tafi. Na yi sati ban yi mata magana ba.

Shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta zama inda ake zancensa. Ana yaye shi aka miƙa shi ga Gwaggo, yayar Babanmu, a Argungu, can ya girma a hannun mijinta masunci. In ya zo hutu ya durƙusa gaida Inna, bango take kallo ta amsa. In dole ta kama ta ambace shi, sai ta ce "wancan na Gwaggonku". Ni kuwa a cinyarta na girma, kuma bakin da al'ada ta rufe mata ni aka buɗe wa, har ya yi yawa.

Karatun noman shinkafa aka tura shi Amurka ya yi. Amma tun yana sakandare shi ke kwaikwayon hedimasta da mai unguwa har mutane su riƙe ciki, don haka ban yi mamaki ba da wasiƙa ta zo cewa ya bar gona ya hau dandali. Babanmu ya yi faɗan kwana biyu ya haƙura, bai daɗe ba kuma Allah ya yi masa rasuwa. Inna ba ta ce komai ba, don faɗan ma ambato ne.

Bayan gawa aka ɗaga shi zuwa direban tasi, shi ma aka harbe shi. Ya yi mai gadi, ya yi mai wanke kwano a gidan abinci, ya yi wani sarkin ƙasar da babu ita a duniya, da rawanin da ko mahaukaci ba zai naɗa ba. A tsakani kuma tasin gaske yake ja don ya ci abinci. Sannu sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ya daɗe ƙwarai, har furfura ta fara fito masa, kafin ya samu zama likita a wani shirin talabijin mai dogon zango, inda yake magana kowane mako kuma shi ke rufe wa wasu fuska.

Duk wayar da zai yi mini, ƙarshenta ɗaya ce.

"Auta, Inna ta gani?"

"Na kunna, tat tashi tab ba ni wuri."

Sai ya yi dariya ya ce ai ya sani. Amma ni na san dariyar nan tun muna yara. Wata rana ya fito mini da ita fili. Ya ce a can, abokan aikinsa uwayensu na zuwa wurin ɗaukar fim su zauna suna faɗa wa kowa "wancan ɗana ne". Ya ce shi ba wannan yake nema ba, ya san gidan da ya fito. Sau ɗaya tak yake so ya ji ta amsa cewa nata ne, kafin ɗayansu ya bar duniya. Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya ke faɗa mini haka. Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin Inna, Allah ya yafe mini.

A lokacin ta dawo wurina da zama, Gwaggo kuma ta rasu. Na same ta tana tsince shinkafa, na zazzage mata duk abin da ke cikina. Ta bari na gama.

"Ke ɗiyar ga, ba ki da kunya," ta ce. "Mi kika so in ce? Allah ya san abin da ag ga zuciyata."

"Allah ya sani, Inna, shi na bai sani ba."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ni kuma na shiga ɗaki na buga ƙofa.

Babban aikin da ya ɗaga shi, Argungu ce ta ba shi. Ana neman dattijon da zai fito a matsayin masunci baƙo a wani babban kogi na ƙasarsu. Ya ce mini waɗanda suka zo gwaji duk sun iya magana, amma da aka sa su cikin kwalekwale sai suka riƙe gefe suna salati irin nasu. Shi kuwa ya miƙe tsaye, ya ɗauki birgi, ragar nan da ake wurgawa ta buɗe a kan ruwa, ya yafa a kafaɗa ya juya ƙugu ya sake ta yadda mijin Gwaggo ya koya masa da ranƙwashi. Mai shirya fim ɗin bai ƙara kiran kowa ba. Fim ya fito, ya karɓu, har aka sa sunan Yaya cikin waɗanda za a ba lambar yabo.

Ya aiko cewa an ba shi kujera ɗaya ta wanda yake so, kuma Inna yake so. Ta ce, "Mi za ni yi can?" Magana ta ƙare. Na ce to ni in zo, ya ce in yi haƙuri, kujerar ba tawa ba ce. Na ji zafi, amma na gane. Aka yi taro, ya ci lambar, hoton bidiyon ya shiga wayar kowa daga Birnin Kebbi har Gulma.

Bayan kamar sati biyu muka je suna a Argungu, gidan marigayiya Gwaggo, jikarta ta haihu. Da hantsi tsakar gida ta cika da mata, ana ta rabon tuwon shinkafa, waya kuma na yawo hannu zuwa hannu. Inna na zaune a bakin rumfa ta juya wa masu kallon baya, tana jan carbi. Cikin dangin uban jariri akwai wata dattijuwa daga Augie wadda ba ta san mu ba. Ta karɓi wayar ta kalla har ƙarshe, ta sa aka maimaita mata.

"Wanga ɗan wa na?" ta tambaya.

Aka ce mata ɗan gidan nan ne, marigayiya ta riƙe shi.

"Allah sarki," in ji ta. "Shi ya sa. Ku duba, kowa da tsohuwa tai kusa da shi, shi kujera tai ba kowa. Ashe maraya na. Allah ya ba shi duniya, ba uwar da za ta gani."

Na buɗe baki zan wanke ta tas, sai na ji carbin Inna ya daina ƙara. Ta juyo gaba ɗaya, abin da ban taɓa gani ba in ana zancensa.

"Ba maraya na ba," ta ce. "Ni na haihe shi. Cikin damana, ranar Talata, ruwa na zuba. Ɗana na. Miƙo in gani."

Wata tsohuwa ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce yau kunya ta ƙare a duniya, sannan ita ce ta fara rangaɗa guɗa. Inna ta riƙe wayar nesa da ido, ta kalli ɗanta cikin farar babbar riga yana ɗaga lambar, ta kalla har ya sauka daga dandali. Ta mayar da wayar, ta ce ya rame, ta juya ta ci gaba da carbinta kamar ba ita ba.

Ban iya cin tuwon ba don murna. Na jira har la'asar, lokacin da gari ya waye musu, na fita bayan gida wajen da ake shanya taru na kira shi. Na faɗa masa kalma bayan kalma, ban ƙara gishiri ba, ni da ba na ba da labari babu gishiri.

"Auta, sake hwaɗi."

Na sake. Ya ce in sake, na sake na uku. Sai na ji yana share hanci.

"Gaban mutane?"

"Gaban mutane, Yaya. Har da baƙi."

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Kak ki hwaɗa mata kin gaya min. Kunya za ta ji."