Ranar da Na Tsokani Mai Naƙuda

Ban taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Kurfi ba, farkon shekarun 1960, ina sabuwar ungozoma, farar rigata ko wankin farko ba ta sha ba. A makarantar horo Sista, malamarmu, ta kafa mana doka: kafin ki taɓa mai naƙuda, ki tambaye ta yaushe ciwo ya fara, ko faya ta fashe, ko ɗa na motsi. Amsarta ke nuna ko ki karɓi haihuwar, ko ki tura ta babban asibiti a Katsina.

Da hantsi aka kawo Hanne, Bafillatana mai cikin fari, tare da goggonta. Kun san kunyar ɗan fari wurin Fulani, ko wuta aka sa mata ba ta cewa uffan. Na yi tambaya har yawuna ya ƙafe. Goggo ta ce, "Malama, ɗan ciwon kai ne." Ciwon kai, ciki kamar rumbu!

Motar Katsina kuwa guda ce, da azahar take tashi. In ta wuce, sai jaki.

Sai na aiki Goggo ɗebo ruwan zafin da ba na bukata. Ni jikar Barebari ce, mu da Fulani wasa muke tun kakanni. Na riƙe ƙugu na ce wa Hanne, "Baiwata, ashe raguwa ce ke! Ciwon ɗazu-ɗazu har kin yi laushi?"

Ta ɗago kai. "Wa ce baiwarki? Tun shekaranjiya nike fama, ko tatsa ban fasa ba. Da ke ce, da kin tara gari."

"Cika baki! Faya ma ba ta fashe ba."

"Tun jiya."

Nan dariyata ta ɗauke. Na duba, ɗa kwance a gicciye. Na ruga tasha, na sa direba ya sauke buhunan gyaɗa yana ƙunƙuni, muka shimfiɗe Hanne a motar. A Katsina aka yi mata aiki, aka ciro ɗiya mace da ranta.

Bayan suna ta aiko mini ƙwaryar nono, wai a kai wa baiwarta. Na shanye tas.

Ku ƙannena masu tasowa, matan nan ba ƙin magani suke yi ba, kowace da ƙofar da ake shigarta. Kafin ki lalubi inda kan ɗa yake, ki fara sanin mutanen uwarsa.